Rabin Amsar Likitan Keke

Sanarwar ta shigo waya da hantsi, Almakashi na tsakiyar dasa hannun riga. Ta karanta a zaune, ta miƙe ta sake karantawa a tsaye, ko tsayuwar za ta sa magana ta canja. Ba ta canja ba. Shugaban Zauren Teloli ne ya rubuto: daga ƙarshen wata, duk wanda taurarinsa suka yi ƙaranci za a fitar da shi daga ɗakin gwanaye, ba zai ƙara amsa tambaya a can ba. Ya kuma ƙara da cewa, cikin girmamawa wai, Likitan Keke na daga cikin waɗanda abin zai shafa.

Likitan Keke mijinta ne. Shi ya laƙaba mata Almakashi tun ranar da ya fara zuwa gyara mata keken ɗinki, ta wanke shi tas a kan ya ɗiga mata mai a yadin mutane. Ya ce bai taɓa ganin baki mai yanka haka ba, ya kuma dawo washegari ba tare da keken ya lalace ba.

Zauren Teloli kuwa dandali ne a intanet, inda masu ɗinki ke kawo kukansu. Wannan kekensa na tsinke zare, wancan nasa na tsallake ɗinki, waccan nata na kuka kamar an taka wutsiyar mage. Akwai ɗaki guda a ciki na gwanaye, can ake kai matsalar da ta gagara, kuma can Likitan Keke yake zaune tun zauren bai kai ya kawo ba. Shi da kunne yake aiki. Ka ɗauko masa ƙarar kekenka a waya ka turo, ya rufe ido ya saurara, ya gaya maka inda ciwon yake.

Abin da 'yan zauren ba su sani ba shi ne, Likitan nasu ya daɗe bai riƙe sukudireba ba. Ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kayar da shi a shagonsa, ya tafi da hannun dama, ya karkatar da baki, ya bar masa magana mai jan ƙafa. Watanni ya yi kwance fuskarsa na kallon bango. Ba ya ci sai an yi da gaske, ba ya amsa gaisuwa, ko 'ya'yansa suka zo daga inda suke aure da aiki sai dai su gaida ƙeyarsa su tafi. Rannan Almakashi tana duba zauren a gefen gado, ta kunna wani saƙo ba da niyya ba, ƙarar wani keke ta cika ɗakin. Sai ta ji murya daga bango ta ce, "Bel ɗinsa ne ya saki." Maganarsa ta farko ke nan mai kai da gindi.

Tun daga ranar suka yi tsari. Da safe bayan shayi, ta taimaka masa ya zauna a kujerar bakin taga, ta jawo tata kusa, ta riƙa kunna masa kekunan mutane. Ya faɗa, ta rubuta. Sharaɗinsa ɗaya: kada kowa a zauren ya ji muryarsa, kada kowa ya san abin da ya same shi. Da yamma kuma, da babban yatsan hagu, yakan buɗe akwatin saƙonsa na sirri ya saurari godiya.

To ga inda gizo ke saƙar. Mutanen nan suna godiya, har su wuce gona da iri. Amma a akwatin sirri suke yi, da murya. Mutum zai share wuri ya zauna ya yi ta zuba addu'a, ya haɗa da iyaye da kakanni da jikokin da ba a haifa ba, har numfashinsa ya ƙare ya turo kashi na biyu. Ɗan tauraron da aka maƙala a ƙarƙashin kowace amsa, wanda taɓawa ɗaya ya ishe shi, shi ne ba wanda ya kula. A ganinsu raini ne ka sallami babban mutum kamar Likita da dangwalen yatsa. Na'ura kuma ba ta ƙirga addu'a.

Almakashi ta leƙa ɗaki. Yana bakin taga yana gyangyaɗi, hannun daman na kan cinya inda ta ajiye masa shi. Ta ja ƙofa, ta fita bayan gida wajen igiyar shanya, ta buga wa shugaban zauren.

"Anti, barka da hantsi. Ai na san za ki kira."

"Tun da ka sani, ka san abin da zan ce. Kai wa ya koya maka sa allura? Lokacin da kake sa ta a baibai kana cewa keken ne mai aljanu, wa ya zauna ya yi maka bayani?"

"Baba Likita ne, Anti, ban musa ba. Amma wallahi ba ni ba ne, tsari ne. Mutane sun yi yawa, kowa gwani, wasu har ɓata wa jama'a kekuna suke yi. Dole a samu ma'auni."

"Ma'auni! Shi wancan Gwani Na Kowa, da ke kwafe amsar mijina ya canja mata riga ya ƙara da 'a danna min tauraro don Allah', shi ma'aunin naka ya ɗaga sama? Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi?"

"Anti, shi yana roƙo ne, ana danna masa. In na ɗaga wa Baba ƙafa, gobe kowa zai kawo nasa baban. Akwai sauran lokaci kafin ƙarshen wata. Ki yi wa jama'a magana mana, ai suna jin maganarki."

"Za su ji ta kuwa," in ji ta, ta kashe.

Ta daɗe a tsaye tana kallon zanen gadon da ke kan igiya. Fushi take yi, amma a ƙarƙashin fushin tsoro ne fal cikinta. Ta san bangon nan, ta san tsagar da ke jikinsa, ta san yadda ƙeyar mijinta take idan ya juya mata ita. In aka rufe masa ɗakin gwanaye, me zai tashe shi da safe? Ba ta gaya masa komai ba.

A ranar ta rubuta wa zauren da sunanta. Ba ta rage wa kowa ba. Ta kira su masu kwasar ilimi su goge baki kamar kaza. Ta ce yatsan da ke iya danna hoton takalmi da bidiyon rawa, shi ne yake sagewa in ya zo kan amsar da ta cece shi daga kunyar mai kaya. Ta ce yabon gwani ya zama dole, amma a yi shi inda za a gani, addu'ar ɓoye ta kai inda za ta kai, sai dai ba ta hana a kori mutum daga ɗaki. Ta ce ku koma kan amsoshinsa, ku taɓa tauraron nan, ba cizo yake yi ba.

Kafin la'asar rubutun ya karaɗe zauren. "Gaskiya ne, Anti!" "Kin faɗi ta!" "A gaya musu dai!" Kowa na cewa a gaya musu, ba wanda ya ɗauka shi ake gaya wa. Taurari kuwa suka yi ta zuba kamar ƙanƙara, amma a kan rubutunta. An bar jaki ana dukan taiki. Ta bi tsofaffin amsoshin mijinta ɗaya bayan ɗaya, suna nan fayau, in ban da 'yan tsiraru. Har wani saƙo na'urar ta turo mata, wai tana taya ta murna, ta kusa cancantar shiga ɗakin gwanaye. Saura kaɗan ta maka wayar da ƙasa.

Da yamma Likita ya buɗe akwatinsa ya tarar da shi maƙil.

"Almakashi, yau me ya faru ne? Kowa sai ba ni haƙuri yake yi. Wani har kuka."

"Zafi ne ya taɓa su," ta ce, ta ci gaba da tsefe ɗinki.

Washegari da safe, yana faɗa tana rubutawa, shawarar ta zo mata. Wani tela ne kekensa ke cin yadi. Likita ya ba da amsa tiryan-tiryan, daga abin da za a kwance har yadda za a mayar. Ita kuwa ta rubuta rabin farko, ta tsaya, ta ƙara da layi ɗaya: "Sauran bayani sai an danna tauraro." Ta tura. Kafin shayinsa ya huce tauraro ya faɗo. Ta tura ragowar.

Ashe haka abin yake da sauƙi! Mutumin da ba ya jin lallashi, riƙe masa wuyan riga kawai za ka yi. Ta ci gaba da yi, kullum, kowace amsa. Taurarin Likita suka fara hawa. Ba ta jin kunya ko kaɗan, daɗi ma take ji, irin daɗin wanda ya daɗe ana taka shi ya samu ya taka wani. In zuciyarta ta ɗan motsa sai ta ce da ita, ai ba ƙwace na yi ba, haƙƙinsa ne.

Abu ɗaya ne ba ta lissafa ba. Wanda ya biya, ba ya jin an yi masa alheri. Saƙonnin murya suka fara ja da baya. Mutum ya danna, ya karɓi ragowar amsarsa, ya kama gabansa. Da yamma Likita zai buɗe akwati, ya ja yatsa sama, ya ja ƙasa.

"Yau ba wanda ya turo?"

"Sabis ne ba kyau."

"Jiya ma sabis ne?"

"To ni ce kamfanin waya, Malam?"

Ya mayar da ido taga. Ita kuma ta taka kekenta da ƙarfi don kada ya sake tambaya.

Ana cikin haka wata mai suna Maman 'Yan Biyu a zauren ta kawo tata matsalar. An ba ta ɗinkin kayan makaranta, ga komawa hutu ta matso, keke kuma ya ce bai san zance ba, zare sai cukurkuɗewa yake yi a ƙasa yana tsinkewa. Likita ya saurara sau biyu. Ya ce ta cire farantin ƙarƙashin allura, ta fitar da kwarkwaro da gidansa, ta kwance zoben da ke riƙe ƙugiya ta ciro ƙugiyar. Ya ce allura ce ta taɓa sarar bakin ƙugiyar ta bar mata kaifi, ta goge wurin a hankali da samfefa mai laushi. Sannan ya bi da ita yadda za ta mayar da komai, wanne ke shiga kafin wanne, ina bakin ƙugiya zai kalla. Almakashi ta rubuta har inda aka ciro ƙugiya, ta sa layinta na kullum, ta tura.

Tauraro bai zo ba. Yini ya wuce, wani ya bi shi. Almakashi ta ce a ranta, mai taurin kai ce, za ta sauko.

Da yammar rana ta uku tana kicin tana yanka albasa, ta jiyo muryar mace daga wayarsa. Muryar a shaƙe take.

"Baba Likita, don girman Allah ka yi haƙuri in na yi laifi. Na kwance keken kamar yadda ka ce, ga shi nan a tire guntu-guntu, ban san yadda zan mayar ba. Tauraron nan na neme shi sama da ƙasa, wayata ƙarama ce, ba ya fitowa. Na je wajen maƙwabciyata, tata kuma ta ƙi buɗe zauren. Mai makaranta ya aiko sau biyu, ya ce zai kwashe kayansa ya kai wani wuri. Baba, ka faɗi ko me ake biya in ba tauraron ba, zan nemo. Da can ba haka kake ba."

Almakashi ta ajiye wuƙa.

"Almakashi."

Ta fito tana goge hannu a zani. Ya juyo da kujerar da ƙafarsa mai lafiya, abin da bai taɓa yi shi kaɗai ba.

"Wane tauraro?"

Da ta ga ba wurin ɓuya, sai ta yi abin da ta fi iyawa, ta hau shi da faɗa. Ta zazzage masa komai: sanarwar, shugaban zaure, Gwani Na Kowa, rubutunta da taurarin da suka sauka inda ba a aike su ba.

"Korar ka za su yi, Malam! Mutanen da ka yi wa bauta kyauta, ƙarshen wata za su rufe maka ƙofa. Ni zan zauna in zuba ido? Kai ka san abin da na gani? Ni na riƙa ɗura maka ruwa da cokali kana kallon bango. Ni na riƙa yi wa ƙeyarka hira kamar mahaukaciya. Kana so in koma can saboda wasu sun ga dangwala yatsa ya fi ƙarfinsu? Wallahi ko rabin amsa, ko rubu'i, in dai zai hana ka komawa gadon nan, zan sake yi!"

Yana jin ta har ta kai aya. Gefen bakinsa da ya karkace yana rawa, kamar yadda yake yi in ransa ya ɓaci ƙwarai. Da ya buɗe baki maganar ta fito da ƙyar, kalma na jan kalma, amma ba wadda ta ɓace.

"Hannuna ya mutu, na ari naki. Na ɗauka abin da na faɗa shi kike rubutawa."

"Shi nake rubutawa!"

"Rabi. Kin sa mace ta kwance kekenta da sunana, kin bar ta da shi a tire. Ni ko ina da hannu biyu ban taɓa buɗe keken mutum na tafi na bar shi a buɗe ba. Ke kin sani. A gabanki na yi aiki."

"To su kore ka ɗin?"

"Su kore ni mana! In an kore ni, Likitan Keke aka kora. Wannan da kika ajiye a can yana tare hanya yana karɓar na goro, ban san shi ba."



Ya ɗora wayar a cinya, ya lalubo tambayar Maman 'Yan Biyu a tsakiyar ɗakin gwanaye, inda kowa ke gani. Ta ga yatsansa ya nufi alamar ɗaukar murya.

"Malam, a fili ne fa nan. Kowa zai ji. Kawo in rubuta, wallahi duka zan rubuta."

Bai ko kalle ta ba. Ya danna.

"Maman 'Yan Biyu, ni ne Likita. Ki yi haƙuri da maganata, ciwo ne ya taɓa ni, ya daɗe. Ki saurara a hankali, in ba ki gane ba ki maimaita. Ɗauki ƙugiyar nan, ki shafa bakinta da farce, za ki ji inda take kama ki."

Ya daɗe yana yi. Wasu kalmomin sai ya sake su sau biyu kafin su fito, miyau na taruwa a gefen bakinsa, yana gogewa da kafaɗa ya ci gaba. Almakashi na tsaye a bakin ƙofa hawaye na zuba, tana jin haushinsa, tana jin haushin matar, da shugaban zaure, da duk wanda ya ƙirƙiro tauraro, ta rasa wanda za ta fara shaƙewa. Da ya gama da wannan, ya bi sauran amsoshin da suka rage a rabi, ya cike su ɗaya bayan ɗaya da bakinsa.

Washegari Maman 'Yan Biyu ta dawo ƙarƙashin amsar. Ƙarar keke kawai ta turo, yana gudu sumul a kan yadi, ba tsinkewa ba sarƙewa. Likita ya saurara ido rufe har ƙarshe, ya sake kunnawa.

'Yan zauren kuwa da suka ji muryarsa, suka yi abin da suka saba. Akwatin sirri ya cika ya tumbatsa da jaje da addu'a da sunayen magunguna. Tauraro dai sai wanda ya tuna. Ƙarshen wata ya zo, na'ura ta yi lissafinta, aka fitar da Likitan Keke daga ɗakin gwanaye. Shugaban zaure ya bugo don ya ba da haƙuri, Almakashi ta bar wayar ta yi ta ruri har ta gaji.

Safiyar da ta biyo baya ta shiga ɗaki da shayi, ta riga ta shirya ganin ƙeya. Gadon ba kowa. Yana bakin taga, ya kai kansa da sandarsa, waya a cinya. Masu tambaya sun biyo shi babban fili inda kowa ke iya magana, yana saurare yana amsa musu da murya. Kujerarta tana nan kusa da tasa inda take kullum. Ta ajiye shayin, ta tsaya ko zai ce ta zauna. Ya ce, "Sannu," ya kunna keke na gaba.

Haka aka yi kwanaki. Ya tashi, yana ci, yana aiki, abin da ta yi ta roƙo ke nan. Amma bai ƙara miƙo mata wayar ba, bai kuma ƙara kiran ta Almakashi ba. Ita ma ta ƙi ba da haƙuri, don har yanzu in ta tuna yadda aka watsar da shi sai ta ji wuta a ƙirjinta.

Rannan da hantsi tana kan kekenta, shi yana can bakin taga ya ba ta baya. Ta kalli ɗan abin da ake murɗawa a daidaita ƙarfin zare. Ta sa yatsu ta sassauta shi sosai, ta taka. Keken ya kama kwaramniya, zare na taruwa a ƙarƙashin yadi. Ta ci gaba da takawa, ta ƙara ƙarfi ma.

Ya dakatar da abin da yake saurare. Bai juyo ba.

"Da gangan kika sassauta shi."

Ta yi kamar ba ta ji ba.

"Za ki ɓata yadin mutane, Almakashi. Murɗa shi dama. Ƙara. Ya isa."

Ta taka, keken ya miƙe sumul. Godiya ta zo mata har maƙogwaro ta tsaya a can. Ɗinkin ya kai ƙarshen yadi, ta jawo wani ƙyalle daga kwando ta tura ƙarƙashin allura, ta ci gaba da takawa, shi kuma bai kunna keke na gaba ba.